Al Ahly da Kano Pillars: Ƙungiyar Mambobi da Ƙungiyar Gwamnati

A shekarar 2009 Kano Pillars ta shiga gasar cin kofin zakarun Afirka a karon farko, jadawali kuma ya haɗa ta da Al Ahly ta Alƙahira a zagayen da daga shi sai matakin rukuni. Al Ahly ce ke riƙe da kofin a lokacin. Watanni kaɗan kafin nan ta doke Coton Sport ta Garwa ta ɗauke shi, karo na shida ke nan a tarihinta, ga Manuel José ɗan Fotugal yana horar da ita, ga Mohamed Aboutrika da Mohamed Barakat da Wael Gomaa a cikin fili. Aka tashi 1-1 a Najeriya, aka je Alƙahira aka tashi 2-2. Ƙwallayen da Pillars ta ci a waje su suka fid da mai kofi daga gasar. Daga nan ta ja ragamar rukuninta a gaban Al-Hilal da Al-Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, ba a tsayar da ita ba sai a wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta yi waje da ita.

Wanda ya dubi wannan shekarar kaɗai zai ɗauka ƙungiyoyin biyu tsara ne. Shekarun da suka biyo baya ba su yarda da haka ba. Al Ahly ta ƙara ɗaukar kofin nahiyar sau shida, a 2012 da 2013 da 2020 da 2021 da 2023 da 2024, jimilla sau 12. Pillars ta ɗauki gasar gida sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014, amma duk fitar da ta sake yi zuwa kofin zakarun, tun kafin matakin rukuni ake dawo da ita. A 2019 Asante Kotoko ce ta tare ta a Kumasi. A 2022 kuma ta faɗa gasar 'yan dagaji, sai a shekara ta gaba ta farfaɗo ta dawo.

Idan ka tambayi mai kallon ƙwallo a Fagge ko Gwammaja me ya raba su, kafin ka rufe baki zai ce kuɗi. Yana da gaskiya, sai dai ya tsaya a rabin hanya. Kuɗin Al Ahly ba daga sama suka faɗo ba, kuma Kano ba matalaucin gari ba ne. Garin da ke da Kantin Kwari da Singa da Dawanau ba zai ce ya rasa abin riƙe 'yan wasa talatin ba. A nawa ganin, abin da ya raba ƙungiyoyin nan shi ne wanda ke da ikon yanke hukunci a kansu, da kuma tsawon lokacin da hukuncin yake ɗauka kafin wani ya zo ya warware shi. Wannan kuwa tun ranar haihuwar kowaccensu aka shuka shi.

An kafa Al Ahly ranar 24 ga Afrilu 1907, lokacin da Turawan Ingila ke juya Masar. Kulob-kulob ɗin wasanni na birnin a wancan zamani na Turawa ne da baƙi mazauna ƙasar, ɗan Masar sai dai leƙe. Omar Lotfy, lauya kuma shugaban ƙungiyar ɗaliban manyan makarantu, shi ya kawo shawarar a samar wa matasan nan wurinsu na kansu, inda za su motsa jiki su kuma zauna su tattauna halin ƙasarsu. Saad Zaghloul, wanda daga baya ya jagoranci boren 1919, yana cikin manyan da aka jingina kulob ɗin da su tun farko. Masu kafawar sun yi wata dabara da ke nuna irin nisan tunaninsu: shugaban farko da suka ɗora Bature ne, Mitchell Innes, mai ba ma'aikatar kuɗi shawara, don ya sauƙaƙa musu samun fili. Suka sami filin a tsibirin Gezira da ke tsakiyar kogin Nilu, bayan shekara guda shugabanci ya koma hannun ɗan ƙasa, Aziz Ezzat Pasha. A lura da jerin abubuwan. Mutane aka fara tarawa, sai fili, sai dokokin tafiyar da kulob. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ba ta zo ba sai a 1911, shekarar da wani lauya ɗan Beljiyam, George Merzbach, ya kafa kulob ɗin da ya zama Zamalek, babbar abokiyar hamayyarta har gobe.

Har yau hedkwatar Al Ahly tana nan a Gezira, kusa da doguwar hasumiyar Alƙahira. Wanda ya shiga da la'asar zai tarar da abin da bai yi kama da sansanin 'yan ƙwallo ba. Tsofaffi na zaune a inuwa da kofin shayi da jarida, iyaye mata na jiran yara su fito daga koyon ninƙaya, wasu yaran sun saɓo jaka za su ɗakin ƙwallon kwando ko ƙwallon hannu, can gefe kuma ga ƙaramin filin Mokhtar El Tetsh inda manyan 'yan wasa ke atisaye. Kowa da katinsa ya wuce ƙofa, katin da ake sabuntawa da kuɗi duk shekara, wanda a gidaje da yawa uba ne ya shigar da 'ya'yansa, su ma suka shigar da nasu. Kulob ɗin ya buɗe rassa a Madinat Nasr da Sheikh Zayed da Sabuwar Alƙahira, yana da tashar talabijin tasa. Ko an ci wasa ranar Juma'a ko ba a ci ba, ranar Asabar wurin a cike yake, asusu kuma yana motsi.

Pillars ta zo duniya ta wata ƙofar dabam. A 1990 Najeriya ta fara gasar ƙwararrun 'yan wasa, Kano kuwa na bukatar ƙungiya guda mai ƙarfi da za ta wakilce ta. Aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA ta hukumar ayyukan ruwa, da Kano Golden Stars, da ta Bank of the North, aka fitar da Kano Pillars, Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin. Ba ranar nan Kano ta fara sanin ƙwallo ba. Raccah Rovers ta ɗauko wa birnin kofin ƙasa tun 1978, ƙungiyoyin unguwanni kuma sun daɗe suna fafatawa a filayen makarantu. Amma sabuwar ƙungiyar ba daga taron mambobi ta fito ba. Gwamnatin jiha ce ta haife ta, ita ke ciyar da ita, filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata na gwamnati ne, albashi daga baitulmali yake fitowa, gwamna ne ke naɗa shugabanni, shi ne kuma ke sallamar su.

Ba na ganin laifin waɗanda suka yi haka a 1990. Sun ga yadda ƙungiyoyin attajirai da na kamfanoni ke mutuwa da zarar mai su ya gaji. Leventis United ta Ibadan ta kai wasan ƙarshe na kofin masu riƙe da kofuna na Afirka a 1985, Al Ahly ɗin nan ce ma ta doke ta, amma ba a rufa shekaru kaɗan ba kamfanin ya naɗe tabarmarsa, ƙungiyar ta zama labari. Haka Abiola Babes. Raccah Rovers ita ma ta bi sahu. A irin wannan yanayi, jingina da gwamnati ya yi kama da hanya mafi aminci, kuma shi ya sa Pillars ta rayu sama da shekara 30. Sai dai rayuwa dabam, girma dabam.

Dubi jerin waɗanda suka shugabanci Al Ahly daga 1980 zuwa yau. Saleh Selim ya riƙe daga 1980 zuwa 1988, Abdou Saleh El Wahsh ya karɓa zuwa 1992, Saleh Selim ya dawo har rasuwarsa a 2002, Hassan Hamdy ya ɗora zuwa 2014, Mahmoud Taher ya yi zuwa 2017, sai Mahmoud El Khatib. Mutum biyar cikin shekara sama da 40, huɗu daga cikinsu tsofaffin 'yan wasan ƙungiyar ne da suka sa jar riga suka yi gumi a cikinta. A tsakanin nan an harbe Sadat, Mubarak ya yi shekara 30 ya faɗi, Morsi ya hau ya sauka, Sisi ya zo. Ba a taɓa cewa don fadar shugaban ƙasa ta sauya hannu dole kwamitin Gezira ya kwashe kayansa ba. A Kano kuwa ɗan wasa ya san cewa sakamakon zaɓen gwamna zai iya sauya shugabansa da kocinsa da ranar da za a biya shi kuɗin sa hannu. Wanda aka naɗa yau bai san ko zai kai baɗi ba, to me zai sa ya kashe ƙarfinsa kan yaro ɗan shekara 12 da sai bayan shekara takwas zai amfani ƙungiya? Abin da zai nema shi ne sakamakon da mai naɗin zai gani kafin kakar ta ƙare.

Zaɓen 2017 ya nuna yadda abin yake a aikace. Mahmoud Taher na kan kujera, El Khatib, wanda Masarawa ke kira Bibo, gwarzon ɗan wasan Afirka na 1983, ya fito ya ƙalubalance shi. Makonni ana ganin manyan allunan hotunansu a kan gadojin birnin, ana muhawara a talabijin kan kasafin kuɗi da gine-gine da cinikin 'yan wasa. Ranar zaɓe aka kafa rumfuna a cikin kulob, aka jera akwatuna, dubban mambobi maza da mata suka bi layi da katinsu, da dare aka ƙirga, shugaba mai ci ya faɗi ya miƙa mulki. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne tambayar da kowane ɗan takara ya san za a yi masa bayan shekara huɗu, kuma ya san waɗanda za su yi masa ita. Mai goyon bayan Pillars ba shi da irin wannan rana. In ransa ya ɓaci, sai dai ya kira gidan rediyo a shirin wasanni na safe, ko ya yi ihu a fili. Ina kyautata zaton wani kaso na tarzomar da ke jawo wa ƙungiyar tara da rage maki, irin wadda aka gani a wasan Katsina United a 2022, daga nan take samo asali. Wannan ba uzuri ba ne ga mai jifan alƙalin wasa ko fasa motar baƙi, abin kunya ne kuma ƙungiyar yake kassarawa. Amma taron mutanen da suka ba da zuciyarsu ga abu, aka hana su kowace hanya ta faɗa a ji, wata rana fushinsu zai fita ta inda bai dace ba.

Dogon zama a kujera shi ke ba shugabanni ƙarfin yanke hukunci mai ɗaci. A 1985, zamanin Saleh Selim, manyan 'yan wasan Al Ahly sun yi wa hukumar kulob tsaurin kai ana dab da wasan kofin ƙasa da Zamalek. Aka dakatar da su, aka fito da matasa, matasan suka ci 3-2. Har yau Masarawa na ba da wannan labari idan suna son bayyana abin da ake nufi da cewa kulob yana gaba da kowa. A 2000 Hossam Hassan da ɗan'uwansa Ibrahim, taurarin ƙungiyar, suka koma Zamalek, shekara ta gaba Al Ahly ta ɗauki kofin Afirka. A 2008 Essam El Hadary, mai tsaron ragar da ba a yi kamarsa a ƙasar ba, ya tsallake zuwa Sion ta Suwizalan ba da izini ba, ƙungiyar ta rufe babinsa, a ƙarshen shekarar kuma ta sake ɗaukar kofin. Jarrabawa mafi tsanani ta zo ranar 1 ga Fabrairu 2012, lokacin da aka kashe sama da mutum 70 a filin wasa na Port Said bayan wasa da Al Masry, akasarinsu matasa magoya bayan Al Ahly. Aka soke gasar ƙasa, aka hana 'yan kallo shiga filaye na tsawon shekaru. Ƙungiyar da ba ta da gasar gida da za ta gwada ƙafarta, ga 'yan wasanta da suka ga gawawwaki a ɗakin sauya kaya, ta je Tunisiya a ƙarshen shekarar ta doke Espérance ta ɗauko kofi. A 2013 aka sake dakatar da gasar gida saboda rikicin siyasa, ta sake ɗaukar kofin a hannun Orlando Pirates.

A nan ne kuma ya kamata a yi wa Pillars adalci, don ita ma 2012 ba ta zo mata da sauƙi ba. Ranar 20 ga Janairu na shekarar aka kai wa Kano hare-haren da suka hallaka sama da mutum 150. Aka sa dokar hana fita, shingayen bincike suka cika tituna, baƙi da yawa suka bar gari. A cikin wannan hali ƙungiyar ta ɗauki kofi, ta maimaita a 2013 da 2014, da 'yan wasa daga kudu da arewa, Musulmi da Kirista, a riga ɗaya. A 2015 'yan fashi suka buɗe wa motarsu wuta a hanyar zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa, ƙungiyar ta ci gaba da kakar. Daga 2003 zuwa 2015 an buga wasa 202 na gasar ƙasa a gidanta ba a doke ta ba, sai da Nasarawa United ta zo ta karya tarihin. Na san masu cewa nasarar gida a gasar Najeriya tana da nata zargin, kuma maganar ba ta rasa tushe ba. Duk da haka wanda ya taɓa zama a filin Ƙofar Mata ranar wasa ya san akwai abin da ba alƙalin wasa ne ya kawo shi ba. Tun bayan azahar ake tururuwa daga Kurmi da Sabon Gari da Brigade, masu a-daidaita-sahu sun ɗaura tutar ƙungiyar, masu rake da ruwan leda sun tare bakin ƙofa, kafin a take leda babu masaka tsinke. Ɗan wasan ƙungiyar Rabiu Ali ya ajiye ƙwallo zai yi bugun tazara, fili ya yi tsit, in ta shiga kuwa har marinar da ke maƙwabtaka sai an ji "Sai Masu Gida". A shekarun da matasan arewa suka koma gidajen kallo suna rigima kan Arsenal da Barcelona, Pillars na cikin ƙungiyoyi ƙalilan a Najeriya da har yanzu ke cika fili. Ta fuskar ƙauna, Alƙahira ba ta bin Kano bashin komai.

Akwai hujjoji biyu masu ƙarfi da za a iya kawo mini, kuma ban raina ko ɗaya ba. Ta farko Enyimba ce. Ita ma ta gwamnatin jihar Abia ce, amma ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003, ta doke Ismaily ta Masar, ta maimaita a 2004. Ke nan ƙungiyar gwamnati na iya kaiwa ƙololuwa. Sai dai a duba lokacin: zamanin gwamna Orji Uzor Kalu ne, mutumin da ya ɗauki ƙungiyar tamkar tasa, kuma shugabanta Felix Anyansi-Agwu ya daɗe a kujerarsa fiye da yadda aka saba gani. Abin da Al Ahly ke samu ta hanyar doka da zaɓe, Enyimba ta same shi ta hanyar sa'ar mutane, kuma tun 2004 kofin bai sake zuwa Najeriya ba. Hujja ta biyu Zamalek ce. Tsarinta ɗaya da na Al Ahly, mambobi da kati da zaɓe, amma ta sha fama da bashi da shari'o'i da haramcin sayen 'yan wasa daga FIFA, har ma'aikatar wasanni ta dakatar da kwamitin Mortada Mansour a 2020. Wannan ya nuna akwatin zaɓe shi kaɗai ba ya gyara ƙungiya, sai an haɗa da al'adar mutunta doka da aka gina a hankali. Ya kuma tuna mana cewa hannun gwamnati bai yi nisa da ƙwallon Masar ba. Sarki Faruk ya taɓa ba Zamalek sunansa, Nasser ya zama shugaban girmamawa na Al Ahly, a farkon 2014 ma ministan wasanni ya ba da umarnin rushe kwamitin Hassan Hamdy kafin firaminista ya dakatar da umarnin. Bambancin shi ne a can shisshigi ake kiran abin, ana kuma jayayya da shi. A nan shi ne tsarin.

Wani abin da ba na so a yi wa Al Ahly kara a kansa shi ne tsadar ƙofarta. Kuɗin zama sabon mamba ya kai dubban ɗaruruwan fam na Masar. Direban tasi a Shubra, ko yaron da ke kai shayi a teburan gidan gahawa a Imbaba, wanda ke barin aikinsa ya tsaya gaban talabijin in ana wasa, ba zai taɓa riƙe wannan kati ba. Miliyoyin magoya baya suna waje, masu hali ne ke zaɓe. Matasan da suka mutu a Port Said daga wajen suka fito, ƙungiyarsu ta Ultras Ahlawy da aka kafa a 2007 ita ce muryarsu, ita ma daga baya ta watse. Idan Kano za ta kwaikwayi wani abu, kada ta kwaikwayi wannan.

Sannan girman Al Ahly ya yi wa sauran garuruwan Masar inuwa mai sanyi da ba ta barin tsiro. Tun da aka fara gasar ƙasar a 1948 ta ɗauki kofuna tara na farko a jere, yanzu tana da sama da 40. Ismaily ta garin Isma'iliyya, wadda ita ce ƙungiyar Masar ta farko da ta ɗauki kofin Afirka a gasar 1969, ta ɗauki gasar gida a 2002, daga nan aka shafe sama da shekara 20 kofin bai bar hannun Al Ahly da Zamalek ba. Duk yaron da ya haska a lardi, Alƙahira ce makomarsa: Wael Gomaa daga Ghazl El Mahalla ya zo, El Hadary daga Dimyat. Tsofaffin ƙungiyoyin garuruwa irin su Tanta da Mansura da Olympic ta Iskandariyya sun koma ƙananan rukunai, gurabensu kuma ƙungiyoyin kamfanonin mai da banki da tayil da na sojoji suka cike, masu kuɗi amma babu 'yan kallo. Ƙalubale mafi girma da Al Ahly ta fuskanta a 'yan shekarun nan ma ba daga wani gari ya fito ba. Turki Al-Sheikh na Saudiyya ne, bayan sun ɓata da shugabannin Gezira a 2018, ya sayi wata ƙungiya ya mai da ita Alƙahira ya sa mata suna Pyramids, wadda ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2025. A tsawon wannan lokaci kofin Najeriya ya zaga Aba da Fatakwal da Kano da Yenagoa da Enugu da Jos da Uyo da Ikenne. Gasarmu na da tarin matsaloli, amma ɗan Katsina ko Bauchi ko Maiduguri yana da ƙungiyar garinsu da zai iya yi wa fatan kofi ba tare da an yi masa dariya ba, kuma na fi son wannan a kan gasar da tun kafin a fara an san sunaye biyu ne.

Don haka ba burina ba ne Pillars ta zama Al Ahly ta Najeriya, ta haɗiye Katsina United da Wikki da El-Kanemi. Abin da nake yi mata kwaɗayi ya fi haka ƙanƙanta, kuma ya fi wuya. Ƙungiyar da ta fito da Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2010 kafin ya tafi VVV-Venlo ta Holan, da Sani Kaita da Shehu Abdullahi da Gambo Mohammed, ya kamata a ce kowane ciniki irin wannan ya bar mata wani abu da ido zai gani, fili ko ɗakin kwanan yara ko asibitin 'yan wasa, da sunanta a takardar mallaka. Remo Stars, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya gina mata filinta da makarantar horar da yara a ƙaramin garin Ikenne, ta ɗauki kofin ƙasa a 2025. Ikenne ko kusa ba ta kai Kano yawan jama'a ba.

A 2025 ɗin dai gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan Pillars, kuma mutane da yawa sun yi murna, ni ma haka. Mutum ne da ya san Ƙofar Mata, ya kuma ga yadda ake tafiyar da ƙungiya a Mosko da Leicester. Kamarsa da El Khatib a bayyane take: kowannensu tauraron ƙungiyarsa ne da ya dawo ya riƙe ta. Amma El Khatib ya yi shekaru yana mamban kwamiti da ma'aji da mataimakin shugaba kafin mambobi su zaɓe shi, kuma su kaɗai ke da ranar da za su cire shi. Ahmed Musa takardar naɗi ce ta kawo shi, takarda irinta kuma za ta iya kawo wani. Majalisar dokokin jiha na da ikon sauya wannan ba tare da gwamnati ta janye tallafinta rana ɗaya ba: a yi wa ƙungiyar rajista a matsayin mai cin gashin kanta, a ba ta hayar filin wasa na dogon zango tare da kuɗin ƙofa, a fitar da katin mamba a farashin da ɗan a-daidaita da mai shago a Kwari za su iya biya duk shekara, a ware wa masu katin kujeru a kwamitin gudanarwa da wa'adin da bai zo ɗaya da na gwamna ba, a kuma wajabta karanta lissafin kuɗi a gabansu sau ɗaya a shekara. Attajiran Kano da ke ɗari-ɗari da zuba kuɗi a asusun da ba su san mai riƙe da shi gobe ba za su fi sakin hannu idan akwai littafin da za su iya buɗewa su duba.